Ƙwallon Jami'o'in Amurka, Wasan Bidiyonta da Musun Magoya Baya: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na dawo daga karatu a wani ƙaramin garin jami'a a tsakiyar Amurka, 'yan'uwa da abokai suke jefo mini tambayoyi a kan wannan wasa. Wasu sun ci karo da shi ne a wasan bidiyo, wasu kuma sun ga ana ta cece-kuce a kansa a labarai. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa. Ni ɗan kallo ne mai son abin da zuciya ɗaya, kuma duk inda magana ta zama ra'ayina zan faɗa.

Wai wace irin ƙwallo ce wannan? Ba irin tamu ba ce?

A'a. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, kuma da hannu ake yawancin aikin. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, tsawon filin yadi 100. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su huɗu, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6, sannan a ba shi damar ƙara 1 ko 2. Wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen ƙarafa ya samu 3. Wasan kashi huɗu ne, kowanne minti 15, amma saboda tsayawa da tallace-tallace yakan ci sama da awa uku. Mutumin da ido ya fi komawa kansa shi ne mai jefa ƙwallo, wanda suke kira kwatabak.

Me zai sa wasan ɗalibai ya tara mutum dubu ɗari?

Da farko, na jami'a ya girmi na ƙwararru. An buga wasan farko ranar 6 ga Nuwamba, 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, Rutgers ta ci 6 da 4. Gasar ƙwararru ta NFL sai a 1920 aka kafa ta, bayan jami'o'i sun riga sun yi shekara hamsin suna tara jama'a. Har yau NFL ƙungiya 32 ce kawai, yawancinsu a manyan birane. Jihohi irin su Alabama, Nebraska, Oklahoma da Iowa ba su da ko ɗaya. A wurin mutanen can, ƙungiyar jami'a ita ce tutar jiha.

Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum 107,601, kuma babu filin wasan da ya kai shi girma a duk Amurka. A Nebraska tun 1962 ake sayar da tikitin wasan gida ƙarƙaf, kuma ranar wasa mutanen da ke cikin filin sun fi yawan mazauna kowane gari a jihar in ka cire Omaha da Lincoln.

Amma gani ya kori ji. Asabar ɗina ta farko a can, ƙarar ganguna ce ta tashe ni. Na leƙa ta taga na ga filin ajiye motoci ya zama kasuwa: rumfuna, hayaƙin gasa nama, kowa sanye da launi ɗaya, har jarirai. Wata tsohuwa maƙwabciyata, mai tafiya da sanda, ta kafa tuta a ƙofar gidanta ta ce mini kujerar da take zama a filin ta mahaifinta ce, shi ya fara biyan kuɗinta, ita ta gada. Ba ta san sunayen rabin 'yan wasan ba. Abin da ta sani shi ne ranar Asabar ta kaka, can ake samunta.

Al'adar da ta fi taɓa ni ita ce ta Iowa. Akwai asibitin yara da ke kallon cikin filin wasansu. Tun 2017, da an gama kashin farko, 'yan kallo da 'yan wasa har da baƙi sai su juya su ɗaga wa yaran da ke hawa na sama hannu. Mutum kusan dubu saba'in suna gaida yara marasa lafiya a lokaci ɗaya.

Hamayyarsu ta kai irin ta Barcelona da Madrid?

Ta kai, a wasu wuraren ma ta wuce, domin a can maƙwabcinka ne ko surukinka abokin hamayyar. Ka ɗauki Alabama da Auburn, jami'o'i biyu a jiha ɗaya. A 2010 Alabama ta yi gaba da 24 da nema, Auburn ta farfaɗo ta ci 28 da 27. Wani mai goyon bayan Alabama, saboda takaici, ya je ya zuba guba a gindin tsofaffin itatuwa biyu da mutanen Auburn suke taruwa a ƙarƙashinsu in sun ci wasa. Da bakinsa ya tona kansa a wani shirin rediyo na kiran waya. An ɗaure shi, itatuwan kuma ba su tashi ba, a 2013 aka sare su. Wannan ɓarna ce, kuma magoya bayan Alabama da yawa sun yi tir da ita har suka tara kuɗi don ceton itatuwan.

A shekarar da aka sare su ne kuma aka yi wasan da har yau ake labarinsa. Ana 28 da 28, saura daƙiƙa ɗaya, Alabama ta gwada bugun ƙafa daga nesa, ƙwallo ta gaza. Chris Davis na Auburn ya cafe ta a can ƙarshen filinsu, ya zura da ita tun daga wannan ƙarshe har wancan. Aka tashi 34 da 28.

Ga kuma Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo. A kakar 2024 Mishigan, wadda ba ta taɓuka abin kirki ba a shekarar, ta je har gidan Ohayo ta ci 13 da 10. Daga baya Ohayo ta ɗauki kofin ƙasa, ta doke Notre Dame 34 da 23 a Janairun 2025. Duk da haka sai ka ji magoya bayan Mishigan suna cewa, "Ku riƙe kofinku, mu dai mun ci ku." Kuma da gaske suke.

To ina wasan bidiyo ya shigo cikin maganar?

A tsakiyarta yake. Kamfanin EA Sports, wanda ya yi FIFA da muka sani a gidajen gem, ya shekara da shekaru yana fitar da wasa mai suna NCAA Football. A lokacin dokar hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta hana ɗalibi karɓar ko sisi saboda wasansa. Sai kamfanin ya samo dabara: ba ya sa sunan ɗan wasa, amma yana sa lambarsa, tsayinsa, nauyinsa, launin fatarsa da jihar da ya fito. Kowa ya san wanda ake nufi, sunan ne kawai babu. A bangon faifan kuma sai a sa wanda ya riga ya bar makaranta, shi ne za a iya biya.

Wanda ya tayar da ƙurar ma ba ɗan wannan ƙwallon ba ne. Ed O'Bannon ɗan ƙwallon kwando ne da ya ci wa Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wato UCLA, kofin ƙasa a 1995. Shekaru bayan nan, yana aikin sayar da motoci a jihar Nevada, ya je gidan wani abokinsa ya tarar da yaro yana wasan bidiyo. A allon ga wani mai lamba 31, bahago, mai aski ƙwal, a ƙungiyar UCLA ta 1995. Shi ne sak, kuma ba wanda ya nemi izininsa. A 2009 ya kai ƙara. Wani tsohon kwatabak, Sam Keller, shi ma ya kai tasa a shekarar. A ƙarshe EA da kamfanin lasisin jami'o'i suka yarda su biya dala miliyan 40, NCAA ta ƙara miliyan 20. Kamfanin ya dakatar da wasan, NCAA Football 14 da ya fito a Yulin 2013 ya zama na ƙarshe.

Mutane da yawa sun zagi O'Bannon, wai shi ya kashe musu wasa. Ni ban taɓa yarda da wannan ba. Bai ce a daina wasan ba, cewa ya yi a biya wanda aka yi amfani da kamanninsa. Hukumar ce ta ƙi buɗe ƙofar biyan.

Shekara 11 babu sabon wasa, ya magoya baya suka yi?

Suka riƙe tsohon. Faifan da a da za ka samu da araha a shagon kayan hannu, sai da farashinsa ya haura dala 100. Wasu masu sa kai suka riƙa zama kowace shekara suna gyara jerin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya su raba kyauta, wasu suka sake wa wasan riguna da filaye.

Abokin ɗakina yana da tsohuwar PlayStation 3 da ba ya kunna komai a cikinta sai wannan wasa. Fankarta tana ƙara kamar injin niƙa, hannun gem ɗin an ɗaure shi da salatif. Ya ɗauki wata ƙaramar jami'a da ba kowa ya san ta ba, ya yi kaka sama da ashirin yana gina ta, yana rubuta sunayen yaran da ya "ɗauko" a wani littafi. A wurinsa na koyi dokokin wasan. Abin da wata uku na kallo bai fahimtar da ni ba, dare biyu da hannun gem ya warware mini shi, domin a nan kai ne za ka yanke shawara a dama ta huɗu: ka buga da ƙafa ko ka yi kasada.

Da ya dawo a 2024, ya biya buƙata?

A ganina ya biya, da 'yan ƙorafi. College Football 25 ya fito ranar 19 ga Yuli, 2024, da dukan manyan ƙungiyoyi 134, kuma karo na farko da sunayen 'yan wasa na gaskiya. A bangon akwai Travis Hunter na Colorado, Quinn Ewers na Teksas da Donovan Edwards na Mishigan. Abin da suka ƙware a kai shi ne yanayin fili: kiɗan kowace makaranta, yadda allo ke girgiza in kana wasa a gidan abokan gaba har kwatabak ɗinka ya ruɗe. Wannan shi ne ainihin bambancin wasan jami'a da na ƙwararru, kuma sun kama shi.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne tsaron gida yana da wuya, sakamakon wasannin da kwamfuta ke bugawa da kanta wani lokaci ba ya kama hankali, sannan ga sashen da ake sayen katunan 'yan wasa da kuɗi, wanda ni ba na ko leƙa shi. Babban cikas ga mai son gwadawa a wajenmu shi ne PlayStation 5 da Xbox Series kawai yake hawa, kuma da ya fito farashinsa kimanin dala 70 ne.

Nawa aka biya 'yan wasan?

Dala 600 da kwafin wasan ga duk wanda ya amince, kuma sama da 11,000 suka amince. A bugun shekarar da ta biyo baya aka ɗaga zuwa dala 1,500. Ga tauraro wannan ba komai ba ne. Ga yaron da ke zaman benci a ƙaramar makaranta, wanda ba zai taɓa shiga NFL ba, ganin sunan gidansu a bayan riga ya fi masa kuɗin.

Ana cewa biyan 'yan wasa ya lalata wasan. Haka ne?

Nan ne musun ya fi zafi, kuma nan ne nake da tsayayyen ra'ayi. Kafin 2021 abin da ake yi shi ne kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Big Ten, ɗaya daga cikin manyan rukunan jami'o'in, ya ƙulla yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 7 a 2022. Jami'ar Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher a 2023, kuma sai da ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don ya tafi. A wannan duniyar ce aka sa Reggie Bush ya mayar da kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon shekara, a 2010, saboda alfarmar da aka ce shi da iyalinsa sun karɓa yana ɗalibi. Sai a Afrilun 2024 aka mayar masa da ita.

A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke hukuncin da bai yi wa NCAA daɗi ba. Daga 1 ga Yuli na shekarar aka bar ɗalibi ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa da kamanninsa, abin da suke taƙaitawa da NIL. A Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken, wadda ita ce ta saurari ƙarar O'Bannon tun farko, ta amince da wata sasantawa: za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, kuma kowace makaranta za ta iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Ina fahimtar masu kuka. Tsohuwar maƙwabciyata tana son ta yarda cewa yaron da ke sanye da launin makarantarsu don ƙaunar makarantar ya zo. Amma kuɗi sun daɗe da shiga wasan, aljihun yaran ne kawai ba su shiga ba. Yawancinsu daga gidajen talakawa suka fito, jikinsu suke sakawa a haɗari, kuma ƙalilan ne za su kai ga NFL. Wanda bai ga laifin albashin koci ba, ban ga dalilin da zai ga laifin na yaron da ake takawa a fili ba. Inda nake tare da masu kuka shi ne rashin tsari: an buɗe kasuwa ba a kafa mata dokoki masu ƙarfi ba, ana yi wa yara alkawarin baki, wasu su bar makaranta su rasa tudun dafawa.

Me ya sa 'yan wasa ke yawan sauya makaranta yanzu?

A 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, daga baya aka cire dokar da ke sa wanda ya sauya ya yi zaman shekara ɗaya ba wasa. Haɗa wannan da kuɗi, sai ka ga dubbai suna shiga rajistar kowace shekara. Koci dama ya daɗe yana tafiya duk lokacin da ya ga dama, don haka ban ga zalunci a ba yaro irin wannan dama ba. Amma gaskiya ne yana rage daɗi. Kafin ka haddace sunan yaro, ya koma wurin abokan hamayya.

Mene ne wannan maganar rushewar rukunai da ake ta yi a labarai?

Wannan ce ɓarnar da ta fi ba ni haushi, kuma ba yaran suka yi ta ba. Jami'o'in a rukuni-rukuni suke, asali bisa maƙwabtaka. A 2024 Teksas da Oklahoma suka koma rukunin SEC, su kuma USC, UCLA, Oregon da Washington suka koma Big Ten, wanda sunansa goma ne amma ya zama mai ƙungiya 18. Rukunin Pac-12, mai tarihi tun 1915, ya watse ya bar Oregon State da Washington State su biyu. Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, da ke bakin tekun Pasifik, suka shiga rukunin gaɓar Atlantika.

Duk kuɗin talabijin ne. Yanzu ɗalibi zai tashi daga Los Angeles ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa Rutgers, kuma wannan ya shafi har 'yan matan ƙwallon raga da ba a ba jirgin alfarma. Wasan Oklahoma da Oklahoma State, da aka shekara sama da ɗari ana yi, ya daina zama na kowace shekara. Abin da ya gina wasan shi ne maƙwabtaka, kuma ita ake sayarwa.

Wa ke zaɓar zakara, kuma me ya sa kullum ana rigima?

Ƙungiyoyin sun yi yawa, kowacce wasa 12 kawai take yi, don haka ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa. Wani kwamiti mai mutum 13 ne ke jera su. Daga 2014 zuwa 2023 huɗu ake ɗauka su yi wasan fitar da gwani. A 2023 Jami'ar Jihar Fulorida ta ci wasanninta 13 duka, har da na kofin rukuninta, amma aka tsallake ta aka ɗauki Alabama da ta sha kashi sau ɗaya, da hujjar cewa kwatabak ɗin Fulorida, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. A ganina zalunci ne. Yaran sun yi duk abin da aka ce su yi. Daga 2024 an faɗaɗa zuwa 12, musun ya koma kan wa ya cancanci gurbin ƙarshe.

Ra'ayin ɗan kallo yana canza wani abu kuwa?

Wani lokaci. A Nuwamban 2017 Jami'ar Tennessee ta gama shirin ɗaukar wani koci, magoya baya suka yi ca a shafukan sada zumunta da harabar makaranta, kafin dare aka fasa. Dawowar wasan bidiyon ma, naci na shekaru ne ya nuna wa kamfanin kasuwa na nan. Amma a maganar rukunai, an yi kuka har an gaji, ba a saurara ba.

Akwai 'yan Najeriya a ciki?

Akwai da yawa, galibi 'ya'yan waɗanda suka yi hijira. Cikin waɗanda suka buɗe hanya akwai Christian Okoye, haifaffen Enugu, wanda ya je Jami'ar Azusa Pacific don wasan jifa, ya fara wannan ƙwallo yana babba. Kansas City Chiefs suka ɗauke shi a 1987, a 1989 ya fi kowa a NFL cin yadi da gudu.

Wasan ba shi da haɗari?

Yana da shi, ba a ɓoyewa. A 1905 jaridu sun ƙirga aƙalla 'yan wasa 18 da suka mutu, har shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa. Daga wannan yunƙuri aka samu hukumar da ta zama NCAA, aka kuma halatta jefa ƙwallo gaba a 1906 don rage cunkushewa. Yau babbar damuwa ita ce ciwon ƙwaƙwalwa da yawan gwara kai ke jawowa. Tun 2013 ana korar wanda ya kai wa abokin karawa hari da kai ko a kai. Magoya baya suna yawan ƙorafi a kan wannan doka in ta faɗa kan nasu, amma ni ina bayanta.

Akwai kuma caca. Tun da Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi hanyar halatta ta a 2018, tallanta ya cika ko'ina, kuma ana samun waɗanda suka yi asara suna aika wa yara 'yan shekara 19 zagi da barazana. Ka kalli wasa, ka bar caca.

Ina son in fara bi, ta ina zan fara?

Kaka tana farawa a ƙarshen Agusta, wasannin yau da kullum su ƙare farkon Disamba, a ɗauki kofi a Janairu. Ranar Asabar ce ranarsu. Wasan da aka fara da tsakar rana a gabashin Amurka yana kamawa ƙarfe 5 na yamma agogon Najeriya da Nijar, daga farkon Nuwamba kuma ƙarfe 6. Manyan wasannin dare sai bayan 12, don haka ka fara da na yamma, ko ka nemi taƙaitattun bidiyo a YouTube da safiyar Lahadi.

Kada ka yi gaggawar zaɓar wadda ta fi kowa kofi. Ka kalli wasan Appalachian State da Mishigan na 2007, inda ƙaramar makaranta ta shiga wancan ƙaton fili ta ci 34 da 32. Sannan ka nemi wasa ɗaya na gidan Iowa, ka jira ƙarshen kashin farko.